Haruffan da Suka Rasa Ƙugiya

A bayan kasuwar Samaru akwai wani shago,
yanzu garin kwaki da manja ake sayarwa a ciki.
Can baya, nan Ladidi ke zama
gaban kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa tana kai shi waccan.
Shafi ɗaya naira ashirin.
In da Hausa ne, talatin,
saboda ƙugiya.

Kawu Tanimu ya kai mata littafinsa,
tarihin maɗinkan unguwarmu,
masu zaman zaure da allura da babbar riga a cinya.
Wata huɗu tana bugawa, yana zaune a benci yana gyara mata.
Wani malamin jami'a ne ya ba ta manhajar a faifai.
Ka danne wannan, ka taɓa wancan,
sai harafi ya sunkuyar da kai
kamar yaro ya zo gaida kakarsa.

Kawu ya rasu da damina, mun yi masa sallah a ƙofar gida.
Manhajar kuwa ban san ranar da ta mutu ba.
Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya shimfiɗa tabarma.

Makon jiya na buɗe littafin a sabuwar na'ura.
Duk inda ƙugiya take, sai ɗan akwati fanko.
Ƙasa ta zama akwati da guntun suna a bayansa,
kamar washegarin zaɓe.
Ɓarawo ya rasa kansa, ba mai iya shaida shi.
Ɗan'uwa ma sai ka ƙura ido
kafin ka gane naka ne.

Na hau babur zuwa Sabon Gari,
kuɗin ya ninka na bara, mai babur ya ce in tambayi gidan mai.
Uchenna mai gyara ya juya faifan a hannu, ya yi dariya:
Maigida, wannan ai ta riga mu gidan gaskiya.
Ya nemo mini adireshin da ake sauko da ita a da.
Ƙofar na nan, amma masu caca ne suka tare a gidan,
wata ƙwallo tana ta tsalle tana kirana da sunan da ba nawa ba.

Wayata kullum sai ta ce in sabunta.
Rediyo ma da safe haka yake cewa,
sabon tsari, sabon shiri, a ƙara haƙuri.
Na lura duk sabuntawar da na amsa
sai na wayi gari wani abu ya bar wurinsa
ba sallama.

To, ga ni dai.
An ɗauke wuta tun la'asar,
janaretan maƙwabci na tari a bayan katanga,
batir ya ce saura goma sha tara.
Ina bin layi ɗaya bayan ɗaya ina mayar da ƙugiya,
kamar yadda mutanen Kawu ke bin wuyan riga,
ɗinki bayan ɗinki, ba a tsallake.

A shafi na sittin da biyu na tsaya.
Ya ce wani tsoho ya ɗinka riga shekara guda,
da ya kai wa mai ita, sai aka ba shi...
akwati, sannan ari.

Ɗari aka ba shi?
Ko ƙari?
Kawu ne ya sani, sai Ladidi,
ita kuma an ce ta koma Funtuwa, lambarta ba ta shiga.

Na bar akwatin yadda na same shi.
Na wuce layi na gaba
kafin hasken ya ƙare.